Ranar Da Babana Ya Kira Ni Hajiya

Edita, sallama da fatan alheri gare ka da masu karatu. A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni budurwa ce 'yar shekara goma sha tara, na gama sakandare ina zaune a gida a unguwar Makera cikin garin Kaduna, ba aiki ba ƙarin karatu. Mahaifiyata ta rasu tun ina firamare, Baba kuma bai sake aure ba, don haka mu biyu ne a ciki da falo a wani gidan haya mai mutane da yawa. Sana'arsa wanki da guga. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi nasa ba, amma duk wanda ya zauna a layinmu a wancan lokaci zai tuna wani dogon dattijo mai baƙin keke da ƙunshin kaya a baya, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

Baba mutum ne marar yawan magana. Da asuba ya tafi masallaci, ya dawo ya hura gawayin dutsen guga, daga nan sai ƙarar bugu da ƙamshin sitaci har la'asar. Idan muka zauna cin tuwo, hirarmu ba ta wuce gidan wane sun ce a kai kayansu jibi, gidan wance sun ce bula ta yi yawa. Ba ni da ya ba ni da ƙanwa, ƙawayen makaranta kuwa wasu sun yi aure, wasu sun wuce kwaleji sun bar ni. Kaɗaici ya ishe ni, sai na faɗa karatun littattafan soyayya. Akwai wani mai tebur a bakin kasuwar Kakuri da ke ba da hayarsu, kafin shekara ta zagayo na karance teburin nan tas, har shi da kansa yakan tambaye ni yadda wani labarin ya ƙare.

Na karanta su har na haddace yadda suke tafiya. Yarinya 'yar talaka ce amma kyakkyawa, tana tafiya a gefen titi, sai wata doguwar mota ta tsaya. Daga nan sai gidan bene, sai kujeru masu laushi, sai 'yan aiki suna rusunawa. Marubutan ba su da laifi, su labari suka rubuta, ni ce na ɗauke shi a matsayin hanyar da zan bi. Abu ɗaya dai na lura da shi wanda ya tsaya mini a rai: a duk littattafan nan ban taɓa cin karo da yarinyar da ubanta mai wanki ne ba. In uban talaka ne, to ko dai ya mutu, ko kuwa a da mai kuɗi ne 'yan uwa suka cuce shi. Ni nawa uban yana raye, lafiyarsa ƙalau, ba kuma wanda ya cuce shi, haka Allah ya yi shi, hannuwansa duk sun yi fari-fari saboda sabulu. Allah ya yafe mini, har haushin hakan na riƙa ji.

Ga kuma lokacin da muke ciki yana ƙara zuga ni. Siyasa ta dawo, mutanen da jiya muke shiga bas ɗaya da su yau sun zama masu girma kansiloli, ana buɗe musu ƙofar mota. Wani da na sani yana sayar da tayoyi a Kakuri ya wayi gari matarsa tana sa gwal har gwiwar hannu. Ma'aikatan masaƙa suna kukan aiki ya ja baya, amma a bakin matasa ba ka jin komai sai cewa lokaci ya zo, wanda bai taka ba a yanzu sai dai ya ga ana yi. Sai na ce a raina, in mai taya zai zama mai girma cikin wata shida, me zai hana 'yar mai wanki ta zama Hajiya. Abin da kawai nake ganin ya rage mini shi ne a gan ni cikin irin shigar da ake ganin 'yan matan littafi.

Shigar kuwa tana cikin ɗakinmu, jibge har kusa da rufi. Yawancin gidajen da Baba ke yi wa wanki na masu hali ne a Barnawa, kuma tun da na girma ya bar mini kayan mata, ni ke goge su in ninke. Kowane gida da launin zaren da yake ɗaura wa kayansu a cikin lafi don kada su cakuɗe, wannan gida ja, wancan kore. Dokarsa ɗaya ce, ya kuma sha faɗa mini ita: kayan mutane amana ne, ba a zama a kan ƙunshi, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ko yafa shi a kafaɗa. Fiye da shekara ashirin yana wannan sana'a ba a taɓa cewa ko hankici ya ɓata a hannunsa ba, kuma wannan sunan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Na san haka sarai, ba a cikin jahilci na yi abin da na yi ba.

Da gwaji na fara. Akwai wata Hajiya 'yar kasuwa mai yawan tafiye-tafiye, takan bar kayanta a wurinmu mako uku ko huɗu ba ta aiko an karɓa ba. A cikinsu akwai wani leshi ruwan zuma mai duwatsu a wuya. Wata rana Baba ya fita kai kaya, na rufo ƙofa na sa shi, na tsaya gaban ɗan madubinmu mai tsaga. Abin da na gani ya sa ni kuka, don na ga ashe ba abin da 'yan matan Barnawa suka fi ni da shi sai tufafi. Na cire na goge na mayar. Bayan kwana biyu na sake. Akwai maƙwabciyarmu, wata mata 'yar Kudancin Kaduna da ke aiki a masaƙa, wadda ta riƙe ni kamar 'yarta tun rasuwar mahaifiyata, har takan kawo mini shinkafar Kirsimeti a kwano na daban. Ita ce ta leƙo wata rana ta kama ni. Ta yi dariya ta kira ni madam, sannan ta ɗaure fuska ta ce in cire tun kafin jikina ya saba da shi. Na ce mata wasa nake yi, ta ce ita ma da wasa take faɗa mini.

Ba a yi wata ɗaya ba aka gayyace ni bikin wata 'yar ajinmu a unguwar Television. Na sa leshin nan, na rufa babban hijabi a kai har ƙasa, na fita Baba yana tsakar gida yana shanya, har ya ce in gaishe da amarya. Da na kusa gidan bikin na cire hijabin na cusa a leda, na yafa gyale. A nan wani saurayi ya gan ni. Dogo ne mai fara'a, sanye da farar shadda, da makullin mota a hannu yana kaɗawa. Ya ce shi mataimaki ne na musamman ga wani ɗan majalisa, ni kuwa ban san me ake taimakawa da shi ba, amma kalmar ta yi mini daɗi. Da ya tambaye ni unguwarmu, bakina ya ce Barnawa kafin zuciyata ta yi shawara. Ya ce zai sauke ni a gida, na shiga motar ina ji kamar shafin littafi ne ya buɗe na faɗa ciki.

Gidan da na nuna masa ba na mai leshin ba ne, wayona bai gaza haka ba. Wani gida ne daban da Baba ke yi wa wanki, maigidan ya ci zaɓe ya kwashe iyalinsa zuwa Abuja, ba kowa sai maigadi da wata tsohuwa mai jiran gida. Maigadin ya san ni 'yar mai wanki ce, don nakan kai kaya wani lokaci, sai ya buɗe mini ƙaramar ƙofa ba tambaya. Na shiga na gaida tsohuwa, na jira har na ji motar ta tafi, na mayar da hijabina na fito na nemi bas ɗin Makera. Haka muka ci gaba kusan wata uku. Duk Alhamis bayan la'asar zai zo zance ƙofar gidan da ba namu ba, ni kuma in riga shi zuwa cikin kayan da ba nawa ba. Na zaɓi Alhamis ne saboda Baba ranar Asabar yake zuwa layin. Daga leshin nan na wuce zuwa atamfofin wasu gidajen, don 'yar masu kuɗi ba ta maimaita kaya. In na dawo in wanke a ɓoye, in goge, in mayar cikin ƙunshi da zarensa a jiki.

Kada mai karatu ya ɗauka daɗi nake ji. Ban taɓa zama ni kaɗai a duniya kamar a watannin nan ba. Ba na iya cin abin da ya kawo mini don tsoron maiƙo ya ɗiga a kaya, ba na jingina da mota, in hadari ya haɗu sai in fara neman inda zan fake. In ya tambaye ni Alhaji sai in ce yana Abuja, in ya yaba hankalina sai in ji ba ni yake yabo ba, wata yarinya ce da na ƙirƙira. A gida kuma ba na iya haɗa ido da Baba, maƙwabciyarmu ma na daina shiga ɗakinta. Da saurayin ya fara maganar turo magabatansa su gaida mahaifina, sai na riƙa ja masa rai da cewa sai Alhaji ya dawo. A littafi, irin wannan ƙulli yakan warware da kansa a babi na ƙarshe, ni ma shi nake jira.

Wata Alhamis muna tsaye a jikin motar, ina sanye da leshin ruwan zuman nan da aka sake kawowa wanki, sai na ji ƙarar birkin keke da na sani tun ina goye. Ashe masu gidan sun aiko cewa za su zo hutun ƙarshen mako, a kawo labule da zannuwan gado kafin Juma'a. Baba ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ba fuskata ya fara kallo ba, leshin ya fara kallo, daga wuya har ƙasa, irin kallon da yake yi wa kaya in yana neman tabo. Sannan ya ɗago ya dube ni. Saurayin ya ga tsoho ya tsaya ya ƙura mini ido, sai ya tambaye ni ko na san shi. Ina da lokacin da zan faɗi gaskiya, ba wanda ya shaƙe ni. Na kau da kai na ce, “Mai wankinmu ne.”

Baba ya ji, don tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Ya sauko daga keken a hankali, ya riƙe ƙunshin da hannu ɗaya kada ya zame, ya ɗan rusuna yadda yake yi wa matan gidajen, ya ce, “Barka da yamma, Hajiya.” Ni kuma na amsa da yawwa, a ciki-ciki, yadda na ji suna amsa masa. Saurayin har ya yaba da ladabinsa, ya ce shi ma zai riƙa aiko masa da shaddojinsa, Baba ya ce aiki ya yi masa yawa a yanzu, Allah ya yi albarka. Ya tura kekensa ya shige. Maigadi yana zaune a kan benci ya sunkuyar da kai. Ban san me muka ƙara cewa da saurayin ba har ya tafi, abin da na sani shi ne ranar a ƙasa na tako daga Barnawa har Makera, don na kasa tsayawa a jira bas cikin mutane.

Na shiga gida ina jiran duka ko zagi, wallahi da na samu ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Baba ya dawo daga sallar magariba ya zauna a kan tabarma, ya tambaye ni abu biyu kawai: sau nawa, kuma kayan waɗanne gidaje. Na lissafa masa ina kuka, gida huɗu. Bai tambaye ni wane ne saurayin ba, bai kuma ta da maganar abin da na kira shi ba, ranar ko bayanta. Washegari ya wanke leshin da hannunsa, ya goge, ya ware kayan gidajen nan huɗu ya ɗaure. Da na gane inda za shi, na durƙusa na riƙe ƙafar keken, na ce masa ba wanda ya sani, ba tabo ba yagewa, don Allah ya rufa mana asiri. Ya dube ni ya ce, “Ni na sani.” Ya zare keken ya fita.

Gida-gida ya bi yana faɗa musu cewa an sa kayansu a gidansa, laifinsa ne da bai tsare amanarsu ba. Bai ambaci sunana ba, amma wa ke gidan mai wanki in ba 'yarsa ba. Hajiya mai leshin ta yi masa tatas a gaban 'yan aikinta, ta ce a kyautar da leshin ba za ta ƙara sa shi ba. Gida uku suka janye kayansu nan take, magana kuma ta bi layin, wasu biyu da ban taɓa kayansu ba su ma suka bi sahu. Gida ɗaya ne maigidan ya ce gaskiyar da ya faɗa ta ishe shi. Daga ranar Baba ya daina karɓar kayan mata gaba ɗaya, alhali su ne rabin aikinsa. Ɗakin da a da ba wurin sa ƙafa ya zama fili. Ni kuma ya ce in huta da guga, girki da shara sun ishe ni. Bai canza mini fuska ba, yana ci gaba da kawo mini ƙosai in ya dawo masallaci, amma in ya fita sai ya tura ƙunshin mutane ɗakin wani tela maƙwabcinmu.

Maganar saurayin kuwa, ban sake zuwa ƙofar gidan ba, na ji maigadi ya faɗa masa komai, bai kuma neme ni ba. Daga baya na hango shi a Nasarawa, unguwar da ke kusa da mu, yana wanke motar nan da ɗan gajeren wando a ƙofar gidan ubangidansa. Aka ce mini mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne, motar kuwa sai an aike shi yake samunta. Ashe mu biyu duk da kayan aro muke zance. Ban yi dariya ba, ban kuma ji haushinsa ba, don shi ban ji ya ce da mahaifinsa irin abin da na ce da nawa ba.

Bayan kamar shekara huɗu ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, ana saura mako ɗaya Sallah, ga shaddojin mutane an kawo ba a taɓa ba. Na ga dama ta samu da zan gyara abin da na ɓata. Na ce masa ya kwanta ya huta, zan wanke in sa sitaci in goge, ya san hannuna, ba wanda zai gane ba shi ya yi ba. Na roƙe shi har da hawaye, maƙwabciyarmu ma ta sa baki ta ce yarinya ta yi hankali. Sai ya sa aka kira wani abokin sana'arsa, ya ce ya kwashe kayan ya mayar wa masu su a ba su haƙuri. Da mutumin ya fita na tambaye shi ko har yanzu bai yafe mini ba. Ya kama hannuna ya ce, “Na yafe miki tun a ƙofar gidan nan, kafin in sauko daga keke. Amma na yi wa mutane alkawari hannunki ba zai ƙara taɓa kayansu ba, kayan kuma ba nawa ba ne.” Bai ƙara tashi ya yi aiki ba, bayan wata biyar Allah ya karɓi abinsa.

Yau ina da aure da 'ya'ya uku, mijina malamin makaranta ne, muna zaune lafiya, kuma bai san wannan labari ba. Maƙwabciyarmu ta koma garinsu da masaƙa ta rufe, saboda haka ba ni da wanda zan yi wannan hira da shi, shi ya sa na rubuto. Har yanzu ina karanta littattafan, ba na kuma hana 'yata, sai dai ina faɗa mata cewa marubuci yana iya share uban yarinya da layi ɗaya don labari ya yi daɗi, ita kuwa ba ta da wannan ikon. 'Yan mata da samari masu burin hawa sama, ba laifi ba ne mutum ya so ci gaba, ni ma na so. Amma duk matsayin da sai kun ɓoye wanda ya haife ku kafin a ba ku shi, ku bar shi ya wuce, kuma kada ku taɓa abin da aka ba iyayenku ajiya, don sunansu kuke kashewa ba naku ba. Ni na yi zaton in an yafe maka komai yana komawa yadda yake, ashe ba haka ba ne. Babana ya yafe mini, na tabbata ya yafe, amma har ya koma ga Allah bai sake miƙo mini ko hular wani ya ce in riƙe masa ba.